Injinan Iska na Cikin Teku: Megawat 10, 15 ko 26, Wanne Zai Fi Rage Kuɗin Wuta?

Duk wanda aka ɗora wa tsara tashar wutar iska a cikin teku, ko ba gwamnati shawara a kanta, ko zuba mata jari, tambayar da zai fara cin karo da ita ita ce girman injin da za a kafa. Tashar farko irin wannan a duniya, Vindeby ta ƙasar Denmak, an buɗe ta a 1991 da injina 11, kowanne kilowat 450. Yau ana kafa masu megawat 15 a Tekun Arewa da ke Turai, wani kamfanin ƙasar Sin kuma ya ƙera mai megawat 26. Don ka gane nisan tafiyar, tashar iska ta Lambar Rimi a jihar Katsina injina 37 ce, jimillar ƙarfinta megawat 10. Ke nan inji guda na cikin teku a yau ya fi ta gaba ɗayanta.

Masu sayarwa za su ce maka girma shi ne sauƙin farashi, kuma shekaru da dama gaskiya suka faɗa. Hukumar makamashi mai sabuntawa ta duniya, IRENA, ta ƙiyasta cewa matsakaicin kuɗin samar da kilowat-awa ɗaya daga iskar teku ya sauko daga senti 20 na dala a 2010 zuwa senti 7.5 a 2023, kuma girman injina na cikin manyan dalilan. Sai dai ra'ayina shi ne ribar ƙarin girma ta fara raguwa, haɗarinsa kuma yana ƙaruwa. Zaɓin yau ya fi na shekaru goma da suka wuce buƙatar natsuwa.

Me ya sa girma ke rage kuɗi tun farko

Wutar da inji ke bayarwa ta dogara da faɗin iskar da fukafukansa ke sharewa. Ka ninka tsawon fiffike sau biyu, faɗin ya ninka sau huɗu. Sannan iskar sama ta fi ta kusa da ruwa ƙarfi da daidaito, kuma in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta ya ninka takwas ne, shi ya sa ɗan ƙarin tsawon hasumiya yake da tasiri sosai.

Amma babban sirrin ba a jikin injin yake ba. Shi injin kansa bai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gina tasha ba. Sauran yana tafiya ne a ginshiƙin ƙarfe da ake kafewa a ƙasan teku, da wayoyin ƙarƙashin ruwa, da hayar jiragen kafawa, da tashar tattara wuta. Yawancin waɗannan ana biyansu ne bisa adadin injina, ba bisa ƙarfinsu ba. Tasha mai megawat 1,000 tana buƙatar injina 125 masu megawat 8, ko 67 masu megawat 15. Ginshiƙai 58 ke nan da ba za a kafa ba, da tafiye-tafiyen jirgi da ba za a biya ba, da injina 58 da masu gyara ba za su riƙa hawa duk shekara ba.

Akwai kuma lissafin da ke ja da baya. In ka ninka tsawon fiffike ba tare da sauya kayan ƙira ba, nauyinsa zai doshi ninki takwas alhali wutar ta ninka huɗu kawai. Injiniyoyi sun daɗe suna kauce wa wannan da kayan ƙira marasa nauyi da sabon fasali, amma kowane ƙarin mita yana zuwa da wahala fiye da na baya.

Ma'aunan da zan bi

Na farko farashi, kuma ba farashin sayen inji nake nufi ba, kuɗin kowane megawat-awa ne a tsawon rayuwar tashar. Na biyu ƙarko: ana ƙera waɗannan injina don su yi shekara 25 zuwa 30 cikin gishiri da igiyar ruwa, to shekara nawa samfurin ya riga ya yi yana aiki? Na uku sauƙin kafawa da gyara, wato akwai jirgi da tashar jiragen ruwa da za su iya ɗaukarsa? Na huɗu haɗari, wanda ya haɗa da abin da banki da kamfanin inshora za su ce, da abin da siyasa za ta iya jawowa.

Zaɓi na ɗaya: matsakaita, megawat 8 zuwa 11

Waɗannan su ne suka gina masana'antar. Tashar Hornsea Two a gabashin Ingila, wadda ta fara cikakken aiki a 2022, injina 165 ce na Siemens Gamesa masu megawat 8. Seagreen a Scotland injina 114 ce na Vestas masu megawat 10. Hollandse Kust Zuid a ƙasar Holan, injina 139 masu megawat 11, ita ce aka gina ba tare da tallafin farashi daga gwamnati ba, aka buɗe ta a 2023. Wannan misali na ƙarshe yana da muhimmanci, domin ya nuna ba sai an kai megawat 15 wutar teku za ta tsaya da ƙafarta ba.

Ta fuskar ƙarko babu mai kama su. An kafa su da yawa a Turai da Taiwan, an san inda suke ciwo, an san yadda ruwan sama ke cinye bakin fiffike da lokacin da ya kamata a gyara, akwai kayan gyara da ƙwararrun da suka saba da su. Jiragen kafawa da yawa na iya ɗaga su, ke nan akwai gasa a farashin haya.

Rauninsu biyu ne. A babbar tasha mai nisa da gaɓa, yawan ginshiƙai da wayoyi zai sa kuɗin ya haura. Na biyu kuma, kamfanonin Turai sun karkatar da masana'antunsu zuwa manyan samfura, don haka wanda zai yi oda yau don tashar da za a gina nan da wasu shekaru sai ya tabbatar za a ci gaba da ƙera samfurin, kuma a rubuta masa alkawarin kayan gyara cikin kwangila.

Zaɓi na biyu: manya, megawat 13 zuwa 15

A nan kasuwar Turai da Amurka take a yanzu, kuma kamfanoni uku ne ke riƙe da ita. GE Vernova na da Haliade-X, fiffikensa mita 107. Siemens Gamesa na da samfura biyu masu megawat 14, faɗin da'irar fukafukansu mita 222 da mita 236. Vestas na da V236 mai megawat 15, fiffikensa mita 115.5, wanda aka fara gwada shi a Østerild ta Denmak a ƙarshen 2022. Tashar Dogger Bank, mai nisan sama da kilomita 130 daga gaɓar Ingila, an tsara ta da injinan Haliade-X guda 277 don ba da megawat 3,600. He Dreiht ta Jamus injina 64 ce na V236, megawat 960.

Labarin farashinsu yana bayyana a gasar kwangilar da gwamnatin Birtaniya ke yi, inda take ba wa tasha tabbacin farashi na shekaru. Duk alƙaluman da ƙimar kuɗin 2012 ake lissafa su. Hornsea One, mai injinan megawat 7, ta samu fam 140 kan megawat-awa. Hornsea Two ta samu fam 57.50 a 2017. A 2019 Dogger Bank ta karɓi wajen fam 40, a 2022 kuma farashin ya kai fam 37.35. Kamfanonin sun yi tayin wannan araha ne suna dogaro da manyan injinan da ba a ma gama gwada su ba a lokacin.

Daga nan al'amari ya juya. A Yulin 2023 kamfanin Vattenfall ya dakatar da aikin Norfolk Boreas, wanda ya ci kwangila a kan fam 37.35, yana cewa kuɗin aikin ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari. A gasar Satumbar 2023 ko kamfani ɗaya bai yi tayin tashar teku ba, domin gwamnati ta kayyade farashi a fam 44. Da aka ɗaga iyakar, gasar 2024 ta tsaya a fam 58.87 ga sababbin ayyuka. Injinan sun fi na 2017 girma kusan ninki biyu, amma farashin ya koma inda yake a 2017. Ƙarfe ya yi tsada, hayar jirgi ta tashi, kuɗin ruwan banki kuma ya ninka. Tashar iska ba ta sayen mai ko gas, kusan duk kuɗinta ana kashe shi ne kafin ta ba da wuta ko ta kwana ɗaya, saboda haka ɗan ƙari a kuɗin ruwa yana iya cinye duk ribar da ƙarin girma ya kawo. Wanda ke tsara tasha ya kamata ya ba wa sharuɗɗan bashinsa irin kulawar da yake ba wa tsawon fiffike, ko ma fiye.

Ƙarkonsu har yanzu ana kan tabbatar da shi. A Yulin 2024 fiffiken wani Haliade-X ya karye a tashar Vineyard Wind ta Amurka, ɓaraguzansa suka watsu a gaɓar tsibirin Nantucket, hukuma ta dakatar da aiki. Kamfanin ya ce matsalar daga masana'antarsa ta Gaspé a Kanada take, inda ba a manne sassan fiffiken yadda ya kamata ba. A shekarar dai an samu lalacewar fukafukai a Dogger Bank. Ba na ganin wannan a matsayin hujjar guje wa rukunin baki ɗaya. Abin da ya nuna shi ne fiffike mai mita ɗari da ɗoriya ba ya yafe ƙaramin kuskuren masana'anta, kuma mai saye yana da haƙƙin tura nasa masu binciken su duba kowane fiffike kafin a ɗora shi a jirgi.

Wajen kafawa, jiragen da ke iya wannan aiki ƙalilan ne. Voltaire na kamfanin Jan De Nul, wanda ya yi aiki a Dogger Bank, ƙugiyarsa na ɗaga sama da tan 3,000, kuma irinsa sai an kama layi shekaru kafin lokacin aiki. Amma an riga an zuba kuɗi wajen ƙera sababbin jirage da faɗaɗa tashoshin ruwa daidai da wannan girma, kuma kowace shekara ana ƙara samun gogewa. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake karkata gare su.

Zaɓi na uku: ƙattai, megawat 16 zuwa 26

Wannan fage na kamfanonin Sin ne, ƙasar da ke da kusan rabin ƙarfin wutar iskar teku na duniya. A 2023 aka kafa injin Goldwind mai megawat 16 a tekun Fujian, da'irarsa mita 252, kuma a ranar 1 ga Satumba na shekarar, lokacin da guguwa ke kaɗawa a yankin, ya samar da megawat-awa 384 cikin kwana ɗaya. Mingyang ya kafa mai megawat 20 a Hainan a 2024. Dongfang Electric ya fitar da mai megawat 26 a Oktoban 2024, da'irarsa mita 310. A Turai ma Siemens Gamesa ya kafa na gwaji mai megawat 21.5 a Østerild, amma GE Vernova ya ajiye shirinsa na megawat 18 ya koma kan 15.5.

Farashin saye a cikin Sin ƙasa yake da na Turai sosai, saboda gasa mai zafi tsakanin kamfanoni da yawa da kuma kasancewar ƙarfe, masana'anta da jirage duk a gida ɗaya. Kada ka ɗauka wannan farashin zai biyo injin zuwa wata nahiya yadda yake. Sai an ƙara kuɗin jigila, da jirgin da zai iya ɗaga shi, da tashar ruwan da gindinta zai ɗauki nauyinsa, da abin da mai inshora zai caje ka a kan samfurin da bai daɗe a ruwa ba.

Ƙarko shi ne babban giɓi. Mafi tsufa a wannan rukuni shekarunsa kaɗan ne a teku, mafi girma kuma har yanzu na gwaji ne. Injin Mingyang na Hainan fukafukansa sun karye a Disambar 2024, watanni kaɗan bayan kafa shi, kamfanin ya ce ana gwada shi ne a yanayi mai tsanani. Gwaji dama don haka ake yin sa, amma yana tuna mana cewa tsakanin injin gwaji da tasha mai injina hamsin akwai tafiya. Sannan a lura cewa an ƙera yawancinsu ne don tekun Sin, inda matsakaiciyar iska ba ta kai ta Tekun Arewa ba amma guguwa ke zuwa da ƙarfi, shi ya sa suke da dogayen fukafukai. Abin da ya dace da Fujian ba lallai ya dace da wani wuri ba.

Akwai kuma siyasa. A Afrilun 2024 Tarayyar Turai ta buɗe bincike kan tallafin da kamfanonin injinan iska na Sin ke samu. Kamfanin Luxcara ya zaɓi injinan Mingyang masu megawat 18.5 don tashar Waterkant a Jamus a 2024, maganar tsaro ta taso, a 2025 ya koma ga Siemens Gamesa.

Abin da ya fi damuna da wannan tsere shi ne yadda yake hana kowa cin moriyar abin da ya gina. Masana'antar fiffike ko jirgin kafawa jari ne na shekaru ashirin ko fiye. In kowace shekara uku sai an fito da sabon girma, jarin bai dawo ba an tsallake shi, kuma ba a samun damar ƙera samfuri ɗaya dubbai har hannu ya faɗa, kurakurai su ragu, farashi ya sauka. Sauri kan haifi nawa. Wannan ne ya sa ƙungiyar masu harkar iska ta Holan ta ba da shawara a 2023 a kayyade tsawon inji har ƙarshen fiffike a mita 305 na wasu shekaru, kuma ina ganin shawarar ta cancanci a saurare ta.

| Ma'auni | Matsakaita (8–11) | Manya (13–15) | Ƙattai (16–26) |
|---|---|---|---|
| Faɗin da'irar fukafukai | mita 164–200 | mita 220–236 | mita 252–310 |
| Injina a tasha mai megawat 1,000 | 91–125 | 67–77 | 39–63 |
| Kuɗin ginshiƙai da wayoyi | mai yawa | matsakaici | kaɗan a takarda |
| Tarihin aiki a teku | dogo | gajere, yana ƙaruwa | kaɗan ƙwarai |
| Jiragen kafawa | da dama | ƙalilan | akasari a Sin |
| Wutar da ake rasawa in inji ɗaya ya tsaya | wajen kashi 1% | wajen kashi 1.5% | har kashi 2.6% |
| Yardar banki da inshora | cikakkiya | akwai, da sharuɗɗa | da wuya a wajen Sin |

Zurfin ruwa na iya sauya komai

Duk abin da na faɗa a sama game da injinan da ake kafewa a ƙasan teku ne, kuma wannan yana yiwuwa ne zuwa zurfin wajen mita 60. In ruwan ya wuce haka sai injina masu shawagi a kan ruwa da ake ɗaurewa da sarƙa. Tashar Hywind Scotland, injina 5 masu megawat 6, ita ce ta fara a 2017, kuma ta yi suna wajen yawan wutar da take bayarwa, amma a 2024 sai da aka ja duka injinan biyar zuwa Norwe don babban gyara. A gasar Birtaniya ta 2024, tasha mai shawagi ta samu fam 139.93, sama da ninki biyu na wadda ake kafewa. A nan girman inji zai taimaka ƙwarai, tunda kowane dandamali mai shawagi tsada gare shi, amma ɗora injin da ba a gama gwadawa ba a kan dandamalin da shi ma sabo ne tara haɗari biyu ne wuri guda.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

In ƙasarka yanzu za ta fara, tashar ruwanta ƙarama ce, aikin kuma bai wuce megawat ɗari biyar ba, matsakaita sun fi maka. Faransa da injinan megawat 6 zuwa 8 ta fara a Saint-Nazaire da Fécamp da Saint-Brieuc, Taiwan ma ta gina manyan tashoshinta na farko da masu megawat 8. Ɗan ƙarin kuɗin ginshiƙai da za ka biya, sauƙin bashi da inshora na iya mayar maka da shi.

In babbar tasha ce ta megawat dubu ko fiye, nesa da gaɓa, da bashin banki za a gina ta, kuma za ta fara aiki nan da shekaru kaɗan, ka tsaya a megawat 14 zuwa 15. Ka kama jirgin kafawa tun kafin ka sa hannu a kan injin, ka nemi garanti mai tsawo a kan fukafukai da manyan sassa, kuma ka fifita samfurin da ya riga ya yi aiki a wata tasha a kan wanda kai ne za ka fara saye.

In kana aiki a tekun Sin, ko kamfaninka na gwamnati ne mai iya ɗaukar asara da kansa, kuma mai ƙera injin yana kusa da kai da jiragensa da masu gyaransa, ƙattai na da ma'ana. A wajen Sin kuwa, hanya mafi aminci ita ce a nemi izinin gini mai faɗi da zai ba da damar babban inji, a ware gurbi ɗaya ko biyu don gwaji, sauran tashar kuma a cika ta da abin da aka sani.

In zurfin ruwanka ya wuce mita 60, kamar yawancin wuraren da ke da iska mai kyau a gaɓar Afirka ta Kudu da Maroko, ka fara da ƙaramar tasha mai shawagi da injinan da suka daɗe suna aiki, kuma ka tabbatar akwai tashar ruwa mai zurfi a kusa da za a iya jawo su don gyara.

In kuma gaɓar Najeriya, Ghana ko Kamaru kake tunani, ka fara da auna iskar na aƙalla shekara guda kafin maganar girman inji, domin iskar mashigin tekun Gini ba ta da ƙarfin ta Tekun Arewa. A lissafin IRENA na 2023, wutar hasken rana senti 4.4 ce kan kilowat-awa, ta iskar tudu senti 3.3, ta iskar teku senti 7.5, kuma wannan na ƙarshen daga tekunan da suka fi namu iska aka samo shi. Ga wannan yanki, kuɗin da ke hannu zai fi ba da wuta in an sa shi a hasken rana da gyaran layukan rarraba lantarki.